Kafin 'Yan Jere Su Iso

Na fi shekara 20 ina cikin 'yan jere. A danginmu idan aka sa ranar yarinya ni ake fara kira, wai ina da ido. Na jera ɗakuna a Kano, na jera a Zariya da Kaduna, har Abuja an taɓa ɗaukata a mota. To, 'ya'yana da ƙannena, yau mai idon ce za ta ba ku labarin ranar da ta toshe wa 'yar ƙaninta taga da bakinta.

Gidan haya ne, ciki da falo, a saman wani bene a Rijiyar Zaki. Mun isa bayan la'asar, mu takwas, ga motar kaya a ƙasa direba yana ta danna hon. Mahaifin yarinyar ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa: gado shida-da-bakwai mai allon kai kamar ƙofar gari, durowa biyu na gefen gado, madubi da kujerarsa, wadrof mai ƙofa shida, kujeru saiti guda masu cin mutum bakwai, teburin tsakiya, sho-gilas, da teburin talabijin. Kafintoci suka haɗa gado, ya cinye bango guda. Aka zo kan wadrof. Wannan bango ƙofar shigowa, wancan ƙofar banɗaki, wanda ya rage kuwa taga ce a tsakiyarsa. Magariba ta kawo jiki, an tayar da janareto, ƙwan lantarki ya haske ko'ina. Kafinta ya dube ni ya ce, "Hajiya, ina za mu sa shi?" Na ce, "Jingina shi nan, ai ga wata tagar can." Waccan ɗin kuwa allon gado ya riga ya rufe fiye da rabinta. Muka shimfiɗa zanin gado, aka sa turaren wuta, aka rangaɗa guɗa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Masha Allahu, ɗaki ya yi."

Bayan wata bakwai na je duba ta, tana laulayi. Azahar ce, rana ta take, kuma an ɗauke wuta. Na yi sallama na shiga uwar ɗaka, sai da na tsaya idona ya washe kafin na hango ta. Tana tsugune gaban wadrof, ta riƙe waya a baki tana haskawa, tana neman mayafi. Ɗakin ya ɗau zafi, ga wani wari na turaren da ya kwana ya haɗu da gumi. Na ce, "Ke kuwa haka kike zaune cikin duhu da rana tsaka?" Ta ce, "Gwaggo, ai haka ɗakin yake." Ashe ba ta ma san akwai taga a bayan wadrof ba. A lulluɓe aka kawo ta da daddare, ta buɗe ido ta tarar da ɗaki a haka, ta ɗauka haka magini ya yi shi. Bakina ya mutu.

Tun ranar nake juya abin a raina. Mu 'yan jere da yamma muke aiki, a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma idon 'yan ganin ɗaki muke yi wa kwalliya, waɗanda za su zo yini ɗaya su watse. Wadda za ta zauna shekara da shekaru, da rana za ta zauna, a garin da wuta takan yi yini ba ta leƙo ba. Ba wanda ya tuna da ita a wajen jeren.

Wannan ɗabi'a gadonta muka yi, kuma a wurin iyayenmu tana da hujja. Ɗakin kakata na ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara, da 'yar taga can sama wadda kan yaro ma ba zai shiga ba. Ta cika shi maƙil: gadon ƙarfe mai rumfa, kwalla da langa da fanteka an jera su har sun kusa taɓo rufi. Duhun bai dame ta ba, sanyi ma yake ba ta a bazara, domin ba a ciki take yini ba. Girki, tankaɗe, kitso, tsintar shinkafa, hira, sallar walaha, duk a tsakar gida ake yi, a gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa. Ɗaki wurin kwana ne da adana dukiya. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga irin wannan gini da idonsa. Ku kuwa kun koma bene, ko gidan haya mai ƙofa-ƙofa da ba ku da tsakar gida sai ɗan baranda. Ɗakin nan shi ne tsakar gidanku, shi ne rumfarku, nan yaro zai yi rarrafe, nan zai yi aikin makaranta. Muka baro tsakar gida a can baya, muka taho da son cika ɗaki.

Bari in ɗan yi muku karatu, ko da yake ni ba malama ba ce. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce, Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir. A ciki ya nuna, ta hanyar gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar huda, cewa haske a miƙe yake tafiya. Ba ya shan kwana ya zagaya bayan wadrof don ya same ki. Abin da yake yi kawai, idan ya bugi abu sai wani kaso ya dawo, wani ya nutse. Farin fenti yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, katako mai duhu kuwa ko kashi 20 ba ya maidowa. Ke nan hasken da kike gani a ƙuryar ɗaki yawanci ba daga taga ya zo kai tsaye ba, bango da silin da daɓe ne suka yi ta miƙa wa juna shi har ya iso. Duk katakon da kika jingina a bango, kin cire hannu ɗaya daga masu miƙon. Shi ya sa ɗaki yakan yi haske tas ranar da kuka je dubawa babu komai a ciki, bayan jere kuma ya koma kamar sito, alhali tagar ba ta canza ba.

Masu zanen gini suna da wani ƙiyasi da ya kamata kowa ya riƙe. Hasken rana mai amfani yana kutsawa cikin ɗaki kimanin ninki biyu na tsayin saman taga daga ƙasa. Yawancin tagoginmu samansu yana kusan ƙafa 7, wato haske zai iya kai wa ƙafa 14. Ɗakin haya kuwa galibi ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. Taga ɗaya tak ta isa ta haska shi har bangon ƙarshe idan an ƙyale ta. Kuma ku lura, saman tagar ne yake jefa haske nesa, ƙasanta kusa-kusa yake haskawa. To, dubi abin da muke yi: sai mu ɗinko labule mai wani gezar ado mai nauyi a sama, ta sauko ta rufe daidai wurin da ya fi amfani.

Maganar labule tana da tsawo, don na san abin da za ku ce: sutura. Gaskiya ne, gidajen yanzu taga tana kallon taga, ba mai son maƙwabci ya ƙirga masa loma. Amma sutura ba ta bukatar duhu. Ku yi labule hawa biyu, mara nauyi fari ko ruwan madara a ciki, mai kauri a kansa. Da rana a ja mai kaurin gefe, na waje ba zai ga ciki ba muddin waje ya fi ciki haske. Da an kunna fitila da magariba lamarin yakan juye, sai a saki mai kaurin, kada a manta. Kuma idan mai sa labule ya zo, ku ce ya bar ƙarfen ya wuce faɗin taga da kamar ƙafa guda ta kowane gefe, yadda idan an ja labulen zai taru a kan bango. Yawanci daidai wa daida suke yankawa, sai ka ga an buɗe labule amma rabin gilashi yana rufe. A Kantin Kwari za a nuna muku masu kauri masu ƙyalli, su ne suke ɗaukar ido a shago. Ku ɗaga yadin ku kalli ƙofar shago ta cikinsa kafin ku biya.

Sai kuma a san wace taga ce wace. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, garuruwanmu duk ba su yi nisa da haka ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, rana idan ta take tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu take karkata, musamman a Disamba. Saboda haka tagar kudu takan sha rana a lokacin hunturu, lokacin da ake maraba da ɗumi, tagar arewa kuma haskenta mai taushi ne kusan duk shekara, nan ya dace da keken ɗinki ko teburin karatu. Tagar gabas hantsi take kawowa, ba ta da laifi. Mai laifin ita ce ta yamma. Daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana dukan wannan bango a kwance, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Bulo yana shanye zafin nan, sai dare ya yi ya fara amayar da shi. Wanda ya manna kan gadonsa a bangon yamma, shi ne za ka ji yana cewa fanka iskar wuta take hurawa. Idan bangon yamma ba shi da taga, nan ne gidan wadrof, ya zama garkuwa tsakaninku da rana. Sai dai a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango, don da damina bangon waje yakan jiƙe, funfuna ta kama atamfofi.

Iska ma hanya take so, ta shiga ta nan ta fita ta can. Da damina daga kudu maso yamma take busowa, da hunturu daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura. Ɗakin da aka toshe masa taga ɗaya cikin biyu, ragowar ma ta rage aiki, kamar ka hura iska cikin kwalba ne. Fanka ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ciki take juyawa. Sauro kuma ba abin da yake so kamar lungu mai duhu mara motsin iska: bayan labule, ƙarƙashin gado, jikin tufafin da aka rataye.

Yanzu mu yi lissafi, don kada ku ce tsohuwa tana surutu. A ɗauki ɗaki 12 da 12, a yanka daɓensa gida-gida, kowane gida ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi. Gida 144 ke nan. Gado shida-da-bakwai da katakonsa ya ci kusan 50. Wadrof mai ƙofa shida, tsawon ƙafa 8 da zurfin ƙafa 2, ya ci 16. Durowa biyu da madubi da kujerarsa, a ce 12. An tashi 78, an wuce rabi. Ba a cire inda ƙofar ɗaki take buɗewa ba, ba a cire inda za ki tsaya ki buɗe wadrof ba. Abin da ya rage wasu 'yan lunguna ne da sai an karkace ake bi. Malam ango, kai da kake haɗa kuɗin haya da kyar duk shekara, ka sani fiye da rabin kuɗin uwar ɗakan katako kake biya wa.

Falo kuwa abin dariya ne, da ba don tausayi ba. Mun sayi kujerun mutum bakwai, mun kewaye bango da su kamar ɗakin jiran likita, mun dasa tebur a tsakiya. Sai baƙi su zo. Wa ya zauna a kujera? Mata da an gaisa sai su zame ƙasa su miƙe ƙafa, don haka muka saba. Abinci a ƙasa ake ci, a kan ledar cin abinci. Kullum sai an ture teburin tsakiya gefe, kullum sai ya ƙuje ƙaurin wani. Ranar suna kuma, ranar da ta fi kowace rana baƙi, me ake fara yi da asuba? Kiran samari su fitar da kujeru waje don mutane su samu wurin zama. Ni wannan ya ishe ni hujja. A ƙaramin falo kujera mai cin uku da guda ɗaya ko biyu sun wadatar, sauran wurin a bar shi ga kafet da tum-tum. A zaɓi masu gajeren baya, masu ƙafafu, waɗanda ido zai ga daɓe ta ƙarƙashinsu, tsintsiya ma ta shiga. Daɓen da ido ke gani shi ne yake sa ɗaki ya yi faɗi.

Akwai wata ƙa'ida da na koya bayan na sha kunya, ita nake bi yanzu. Gajerun kaya kusa da taga, dogaye can nesa da ita, a bangon da ƙofa take ko a kusurwar da dama ba ta samun haske. Duk abin da ya fi gindin taga tsawo kada ya tsaya a gabanta. Hanyar wucewa kuma, daga ƙofa zuwa gado, daga falo zuwa kicin, kada ta gaza ƙafa biyu da rabi, uku ta fi. Ki ƙiyasta kanki da tsohon ciki, ɗauke da tire.

Talabijin shi ne ɓarawon hasken falo da ba a zargi. Idan aka kafa shi yana fuskantar taga, hasken yana faɗowa kan gilashinsa, ba a ganin hoto, sai a saki labule. Yau a saki, gobe a saki, shi ke nan labule ya zauna a sake har a tashi daga gidan. Idan kuma aka sa shi a jikin bangon tagar, ido ne zai wahala. Bangon gefe ne wurinsa. Madubi ma haka. Wadda ta ba wa taga baya tana kwalliya, fuskarta a inuwa take, sai ta fita waje ta ga hoda ta yi yawa. A ajiye madubi gefen taga yadda haske zai sauka a fuska. Idan kuma akwai wani babba, a rataye shi inda zai kalli taga ya cilla haske cikin lungu, sai dai ban da tagar yamma, kada ya cillo muku rana a ido.

Abu guda da ban taɓa ganin 'yan jere sun tanada ba, har da ni a da, shi ne wurin salla. Sai an gama komai amarya ta ɗauko darduma tana neman inda za ta shimfiɗa, ta ƙare a matse tsakanin gado da madubi, goshinta yana gogar durowa. Alƙibla a ƙasarmu gabas ce da ɗan karkata arewa. Darduma ƙafa 4 ce da ƙafa 2 da 'yan kai. Tun ɗaki yana fanko a fara fitar da wannan wuri, a bar na mutum biyu, inda ba hanyar wucewa ba. Sau biyar a yini za a nemi wurin nan, sho-gilas kuwa sai a yi wata ba a buɗe shi ba.

Na san inda gizo yake saƙar. Kayan ɗaki ba amarya ke saya ba, iyaye ne, kuma da dama bashi suke ci don gudun gori. Ana tsoron dangin miji su ce an kawo ta da tsiya, ana tsoron a gwada ta da ɗakin wance da aka yi wa odar kaya daga Turkiyya ko Dubai. Yarinya ba ta da bakin cewa, "Baba, ya yi yawa." Bayan biki kuma fitar da kujera ɗaya sai ya zama magana, a ce miji ya fara sayar mata da kaya. Saboda haka gyaran tun kafin a je wurin kafinta ake yinsa. Ango, nauyin farko a kanka yake. Da ka kama gida, ka ba da makulli da wuri, kada ka bari sai ana gobe jere. Ka ari tef ɗin tela, inci 60 ne, wato ƙafa 5. Ka auna kowane bango, ka rubuta inda taga take da faɗinta da tsayinta daga ƙasa, ka auna ƙofa da kwanar matattakala, don na taɓa ganin kujera ta maƙale a bene sai da aka kwance mata ƙafafu. Ka je gidan da hantsi, ka koma da azahar, ka sake komawa da la'asar, ka ga inda rana take faɗawa. Ke kuma amarya, ki samu yayarki ko gwaggon da kuke shiri, ku je da alli ku zana gado da wadrof da kujeru a daɓe, ku yi yawo a tsakaninsu. Idan aka rage kayan, abin da ya rage na kuɗin, a saya miki firji ko keken ɗinki ko 'yar sola, ko a ajiye miki a zinare. Ba uban da zai ƙi a rage masa nauyi idan an faɗa masa da ladabi, ta bakin da ya dace.

Ku kuma samari masu zaman ɗaki ɗaya, ɗalibai da sababbin ma'aikata, ba ku tsira ba. Na leƙa ɗakin ɗana na ga ya rataye bargo a taga, ya jibge akwatuna a gabanta, yana karatu da fitilar caji ƙarfe goma na safe.

Waccan 'yar tawa, sati biyu bayan zuwana na koma da kafinta da samari biyu, bayan na nemi izinin mijinta, na kuma je na yi wa ƙanina bayani da kaina, tunda ni na yi ɓarnar. Muka kwance wadrof. A bayansa ga taga nan da ragar sauronta sabuwa fil, ƙura ta yi mata kauri, ga funfuna ta yi baƙi a jikin katako. Sai da aka ɗiga mai kafin ta buɗu. Aka raba wadrof ɗin biyu, ƙofa huɗu suka koma gefen ƙofar shigowa, biyu aka kai ɗan lungun da ke hanyar kicin. Aka rage tsawon allon gado. Kujeru biyu da teburin tsakiya suka tafi gidan mahaifiyarta ajiya. Ba mu sayi ko allura ba, kuɗin kafinta kawai na biya. Da iska ta ratsa labule ta fita ta ɗaya tagar, yarinyar ta zauna a bakin gado tana kallon ɗakin, ta ce, "Gwaggo, ashe fentin ruwan madara ne."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, amma wannan sai da baƙuwa ta zo, don mai ɗakin ba ta taɓa ganinsa babu kaya ba. Ke da aka sa wa rana bana, kada ki yarda ranar tarewa ta zama ranar da za ki fara sanin yawan tagoginki. Ki sa a kawo miki awon ɗakin a takarda, ki kai wa Mama ta nuna wa Baba, tun bai ba kafinta kuɗin kafin alƙalami ba.